Horon Shiga Rijiya, Sokawe da Tanki: Na Bakin Rami Ake Fara Koya Wa

Duk wanda ya saba jin labarin mutuwa a rijiya ya san yadda yake zuwa. Da wuya a ce mutum ɗaya ne. Mai yasa ya sauka, aka ji shiru, ƙanensa ya bi shi, aka sake jin shiru, maƙwabci ya tuɓe riga ya bi sawu. Kafin a samu mai riƙe na huɗu, gida ɗaya ya yi gawa biyu ko uku. Kuma ba a Kebbi kaɗai ake ganin haka ba. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta fitar da gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu zuwa ceto ne, ba waɗanda suka shiga aiki ba. Don haka duk horon da ya tsaya kan mai sauka, ya manta da wanda ke riƙe da igiya a baki, ya bar inda aka fi mutuwa.

Wuraren da ake nufi su ne waɗanda mutum zai iya shiga ya yi aiki, amma hanyar shiga da fita ƙunci gare ta, iska ba ta ratsa su, kuma ba don zaman mutum aka yi su ba. A jiharmu suna ko'ina: rijiyar gida da ta lambu, ramin sokawe da na masai, tankin ƙasa na gidan mai, cikin tankar mota, tankin ruwa, kwalbati mai tsawo, ramin haƙar zinariya a yankin Yawuri, da manyan rumbunan ƙarfe na kamfanonin shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun Argungu, Suru, Bunza da Jega, injunan ban ruwa suka yawaita, masana'antun casa suka ƙaru. Aikin da ke sa mutum shiga rami ko tanki ya ƙaru tare da su, amma horon bai bi ba.

Abin da ke kashewa a ciki yawanci ba a ganinsa. Iskar da muke shaƙa a fili tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100. Idan ya sauka ƙasa da 19.5, ba a shiga. A wajen 16 numfashi yana sauri, tunani ya fara rikicewa, hannu ya daina kama abu daidai. Ƙasa da 10 mutum ya suma, ƙasa da 6 kuwa mutuwa ce cikin 'yan mintoci. Abin tsoron shi ne mutum ba ya jin ana shaƙe shi. Kasala yake ji, ko ɗan jiri, ya ce bari ya jingina ya huta, shi ke nan. A rijiya, ruɓewar ganye da shara da mushen da ya faɗa ciki tana cinye oksijin tana fitar da kabon dayoksaid, wanda ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, sai ya kwanta a gindi kamar ruwa a randa. A tankin ƙarfe da aka daɗe da rufewa, tsatsa ce ke cinye oksijin. Ita kanta ƙasar da ke kewaye da rijiya tana fitar da iska marar oksijin, musamman idan hadari ya haɗo nauyin iskar sama ya ragu. Shi ya sa "ai jiya ma na shiga" ba hujja ba ce. Iskar jiya daban, ta yau daban.

A nan Kebbi, babu abin da ya kamata mai horarwa ya daɗe a kansa kamar injin ban ruwa. Injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa, domin nauyin iskar sama ne ke turo ruwan cikin tiyo, kuma iyakarsa ke nan. To idan rani ya yi nisa, Maris zuwa Mayu, ruwa ya ja ƙasa, sai inji ya ƙi kamawa. Dabarar da kowa ke yi ita ce a kusantar da shi ga ruwan: a ɗaure shi da igiya a zura cikin rijiya, ko a gina masa rami a saukar da shi. Masu yasa ma haka suke yi don su ƙafar da ruwa su kai ga laka. Injin fetur kuwa yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. A fili iska na kwashe ta. A rijiya ba inda za ta je. Sai injin ya fara tari ya mutu, don shi ma oksijin ɗin ya yi masa kaɗan, yaro ya sauka ya duba fulogi ko ya sake ja, ya shiga daidai lokacin da gubar ta fi yawa. Mutuwar inji a cikin rami alama ce ta a nisanci ramin, amma wanda bai samu horo ba yana ɗaukarta a matsayin kiran gyara. Kashe injin kuma ba ya wanke ramin; gubar kan zauna awanni idan ba a kore ta da iska ba.

Maganin wannan a bayyane yake. Inji mai ƙona mai ba ya shiga rami, ko da minti ɗaya. A zura sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, mai aiki da lantarki, janareta ya zauna a sama, nesa da baki da aƙalla mita 6, a gefen da iska ke kwashe hayaƙin tana nesanta shi da ramin. Idan iska ta juya, a matsar da janaretan. Wayar sumo ta zama lafiyayya babu ɗaurin leda, kuma a kashe wuta a zare fulogi kafin mutum ya taka ruwan.

Sokawe da masai nasu dafin daban ne. Ƙazanta idan ta ruɓe inda babu iska tana fitar da haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da kuma gas mai kama wuta. Hanci yana jin warin tun yana ɗan kaɗan ƙwarai, amma da ya kai wajen 100 a ma'aunin ppm, wato kashi 100 cikin miliyan, sai ya kashe jin warin. Mutum ya ce warin ya tafi, alhali ƙaruwa ya yi. Daga 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Kuma gas ɗin yana ɓoye cikin laka, ƙarƙashin ɓawon da ya bushe a sama. Ana iya aunawa a ga lafiya, da shebur ya fasa ɓawon ko ƙafa ta dama lakar sai ya taso gaba ɗaya. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: sokawe daga sama ake kwashe shi, da motar zuƙa ko da guga mai doguwar igiya. Wayar hannu ko kuɗi ko makulli da ya faɗa masai, a bar shi. Haka akuyar da ta faɗa tsohuwar rijiya. Ƙugiya da zarge ake zura mata, ba yaro ba.

Tankin mai kuwa wuta ce matsalarsa kafin komai. Tururin fetur yana kamawa idan ya kai wajen kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin, kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka yana kwanciya a ƙasan tanki. Cokali biyu na fetur sun isa su mayar da duro mai lita 200 abin fashewa. Ɗauraye tanki da ruwa ba ya fitar da man da ya maƙale a tsatsa da lungunan walda, kuma zafin walda ne ke tayar da shi. Masu walda da ke gyaran tankoki su riƙe wannan da kyau. A rumbun ƙarfe na shinkafa, hatsin da ake zuƙewa ta ƙasa yana kama ƙafar mutum cikin daƙiƙa 4 zuwa 5, ya rufe shi ruf cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Shinkafar da aka zuba da danshi takan yi ɓawo a sama alhali ƙarƙashinta rami ne, mai takawa ya rufta. Ga kuma ƙwayar maganin ƙwari irin su Phostoxin: ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na fosfin, gubar da iyakar da dokar Amurka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa ita ce 0.3 ppm kacal. Sito ko ɗakin da aka jefa wa wannan ƙwaya ba a kwana kusa da shi, ba a shigarsa sai wa'adin da ke jikin gwangwanin ya cika an buɗe ya sha iska.

Duk waɗannan, ido da hanci ba sa tantance su. Na'urar auna iska ce ke yi. Wadda aka fi amfani da ita girmanta bai fi tafin hannu ba, tana nuna abu huɗu a fuskarta: O2 na oksijin, LEL na gas mai kama wuta, CO na kabon monoksaid, H2S na haidurojin salfaid. Yawancinsu suna kuka idan oksijin ya sauka ƙasa da 19.5 ko ya haura 23.5, ko LEL ya kai 10, ko CO ya kai 35, ko H2S ya kai 10. Ana kunna ta a fili, nesa da salansar mota da janareta, a jira ta nuna 20.9 da sifili uku. Kafin aikin ranar ana shaƙa mata gas ɗin gwaji daga ƙaramar kwalba a ga kowane ɓangare ya amsa ya yi kuka. Kada a gwada ta da hayaƙin babur ko gas ɗin leta, wannan lalata ta yake yi. Hura mata numfashi yana nuna ko ɓangaren oksijin na raye, domin numfashin da muke fitarwa oksijin ɗinsa wajen 16 ne, amma bai gaya maka komai game da sauran ukun ba. Zafin cikin motar da aka rufe a rana yana kashe ta, ƙurar hunturu tana toshe matatarta, ɓangaren oksijin kuma yakan ƙare cikin kamar shekara biyu ko ana aiki da ita ko tana ajiye.

Daga waje ake aunawa, kafin kowa ya sa kai a bakin ramin, domin leƙawa kaɗai ta isa ta sumar da mutum ya faɗa. Oksijin ake fara karantawa, sannan gas mai kama wuta, sannan guba. Dalilin jerin shi ne ɓangaren LEL yana buƙatar oksijin kafin ya yi aiki. Idan oksijin ya yi ƙasa sosai zai nuna sifili ko da tankin cike yake da tururin mai. Ana zura na'urar da igiya, ko tiyonta idan mai famfo ce, ana tsayawa a kowane mita 1.2, tun daga baki har gindi, domin gas mai sauƙi yana sama, kabon monoksaid yana gauraye ko'ina, masu nauyi suna ƙasa. A kowace tsayawa a ba ta minti biyu, a ƙara mata kamar daƙiƙa shida zuwa bakwai kan kowane mita na tsawon tiyo. Gaggawa a nan ita ce kuskuren da aka fi yi: a zura a ja cikin rabin minti a ce lafiya. Kada bakin tiyo ya taɓa ruwa, famfon zai zuƙe shi ya kashe na'urar.

Akwai wani abu da ko masu takardar shaida kan manta. Idan na'ura ta nuna 19.9, ba za ta yi kuka ba, amma kashi 1 na oksijin da ya ɓace yana nufin wani abu ya ture wajen kashi 5 cikin 100 na iskar wurin. Idan kabon dayoksaid ne, wanda na'ura mai huɗu ba ta aunawa, kashi 4 ma ya isa hatsari ga rai. Saboda haka duk lambar da ba 20.9 ba, a tsaya a nemi dalili. Fosfin ma na'urarsa daban ce. Bayan an auna an shiga kuma, na'urar tana maƙale a ƙirjin mai aiki, kusa da hanci, a kunne har ya fito.

Mafi yawan masu ginin rijiya da masu yasa ba su da wannan na'ura, kuma horon da bai yi magana da su ba bai san garin da yake ba. Sun gaji zura fitila, kuma ba a raina wannan, amma a san iyakarta. Harshen wuta yana mutuwa a wajen kashi 16 zuwa 17 na oksijin. Idan fitila ta mutu, magana ta ƙare, ba a shiga. Idan ta ci gaba da ci, abin da ta ce kawai shi ne akwai oksijin da zai riƙe wuta. Tana ci lafiya lau a cikin kabon monoksaid da haidurojin salfaid da za su kashe mutum. A sokawe ko tankin mai kuwa, zura wuta neman fashewa ne. Wanda ba shi da na'ura, iyakarsa rijiyar ruwa da ba a kunna inji a ciki ba, bayan an hura mata iska, yana ɗaure da igiya. Sauran wuraren ba nasa ba ne sai an samo na'ura.

Hura iska kuwa lissafi gare shi. Rijiya mai faɗin mita 1.2 da zurfin mita 15 tana ɗauke da iska wajen kubik mita 17. Ana so a sauya wannan iska aƙalla sau bakwai kafin a sake aunawa, wato kubik mita 120. Bulowa, wato injin tura iska, mai mesa inci 8 da ke tura kamar kubik mita 20 a minti za ta yi wannan cikin minti shida a takarda, amma tsawon mesa da kowace lanƙwasa suna rage ƙarfinta, don haka a ba ta minti 15 zuwa 20. Turawa ake yi ciki, kuma bakin mesar ya sauka har kusa da gindi, kamar rabin mita sama da ruwa ko laka. Fankar da aka ɗora a baki tana kaɗa mita biyu na sama ne kawai, ta bar gubar kwance inda mutum zai tsaya. A duba inda bulowar ke jan iskarta: idan kusa da salansar janareta take, hayaƙi ake aika wa na ciki. Ba a kashe ta muddin akwai mutum a ƙasa, idan kuma ta tsaya don mai ya ƙare ko wuta ta ɗauke, fitowa ake yi nan take. Kuma har abada ba a sakin oksijin na tukunyar masu walda cikin rami don "a gyara iska". Yawan oksijin yana sa tufa da gashi su kama da ƙyastu ɗaya. Tankin mai kuma bulowarsa da fitilarsa na musamman ne, waɗanda ba sa tartsatsi. Tocilan kasuwa da waya suna waje.

Igiya a ƙugu ba ɗauri ba ce. Sumammen mutum idan aka ja shi ta ƙugu naɗewa yake yi biyu, ya tokare a bango ko ya zame ya koma. Ɗamarar da ke kama kafaɗu da cinyoyi ake sawa, mai zoben ƙarfe a tsakiyar baya, don jiki ya taso a miƙe. Igiyarta daban da ta guga, tana bi ta kan ƙarfe mai ƙafa uku da aka kafa a baki zuwa winci, wato na'urar da ake juyawa tana naɗe igiya tana jawo mutum sama. Dokar Amurka ta 1993 kan wannan aiki ta wajabta na'urar ja ga duk ramin da ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma duk wanda ya taɓa gwada ɗago buhu mai kilo 70 daga rijiya da hannu ya san dalili. Hular kwano dole ce, domin tsakuwa daga mita 15 tana fasa kai. Ƙasar da aka fitar a tara ta mita guda nesa da baki, a fadama mai rairayi kuma a riƙa saukar da zoben siminti ana gini. Takunkumin ƙura, ko tsumma jiƙaƙƙe a hanci, ba ya tare gas, ko mai matata ma ba ya ƙara oksijin. Inda akwai inji ko famfo ko bututun da ke zuba cikin wurin, a kashe, a sa kwaɗo a makunnin, makullin ya shiga aljihun wanda ke ciki. Sannan a rubuta takarda guda: wane wuri, wa zai shiga, wa ke baki, me na'ura ta nuna da ƙarfe nawa, wa za a kira. Takardar ta yini ɗaya ce. An tafi sallar Azahar an dawo, a sake aunawa.

Yanzu ga mutumin bakin rami. Yawanci yaron da ya fi kowa ƙanƙanta ake bar wa wannan wuri, shi ne kuma ake aika sayen ruwa ko ɗauko shebur. Wannan juya al'amari ne. Na baki ya zama babba mai natsuwa, wanda idan ya ce "fito" za a fito, idan ya ce wa jama'a "ba mai sauka" za a ji. Ba shi da wani aiki sai wannan. Ba ya jan guga, ba ya waya, ba ya barin wurin sai wani horarre ya karɓe shi. Yana magana da na ciki kowane minti biyu, kuma tambayar da ke buƙatar tunani yake yi, domin mai jiri ma yana iya cewa "lafiya lau". Ya ce, "Maigida, guga nawa muka fitar?" ko "Yaya, me na'ura ke nunawa?" Idan amsa ta yi jinkiri, ko harshe ya yi nauyi, ko na ciki ya fara dariya ko faɗa babu dalili, ko ya ce kansa na sarawa, ba a shawara da shi, juya winci ake yi. Inda ƙara ta hana ji, a yi yarjejeniyar jan igiya tun a sama: ja ɗaya lafiya, biyu a saki, uku a ja, huɗu taimako. Ya kuma lura da zafi. A watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, gindin rijiya ba iska ga gumi, a riƙa musanya masu aiki kowane minti 20 zuwa 30, a sha ruwa, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. A watan azumi aikin ya koma sassafe.

Abu mafi wuya da ake koya masa shi ne tsayawa a sama alhali ɗan'uwansa na kwance a ƙasa. Faɗa da baki ba ya isa, domin a wannan lokacin zuciya ce ke ɗibar mutum, ga mata na kuka, ga masu cewa "ku shiga mana!" Abin da ke riƙe shi shi ne ya san yana da abin yi da ya fi sauka sauri. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu oksijin. Winci yana fito da mutum daga mita 15 cikin 'yan mintoci. Wanda ya sauka riƙe da numfashi kuwa ba zai kai ƙasa, ya ɗaga mutum, ya hawo da shi a numfashi ɗaya ba. Zai shaƙa, ya zama na biyu, ya kuma toshe hanyar fito da na farko. Jerin aikinsa ke nan: ya yi kururuwa, ya sa wani ya kira 112 da 'yan kwana-kwana ya nemo mota, ya tabbatar bulowa na turawa, ya juya winci, ya sa mutum biyu su tare baki. Shiga ceto sai mai tukunyar numfashi a baya, wanda shi ma yake ɗaure, wani na riƙe da shi.

Wannan ba a koyonsa a zaune a ɗakin taro. A samu busasshen rami marar zurfi, ko a jera zoben siminti, a cika buhu da yashi kilo 70 a sa masa ɗamara. Kowane ɗalibi ya kafa ƙarfen, ya auna, ya shimfiɗa mesa, ya zama na baki, a riƙe masa agogo. A sa wasu su yi ta ihu suna tura shi ya sauka, don ya saba da cewa a'a. A ɓoye kuskure da gangan, kamar janareta kusa da bulowa ko igiyar da ba a maƙala ba, a ga wa zai gano. A bar mutum biyu su gwada jan buhun da hannu tukuna, sannan a ba su winci. Mutum goma zuwa goma sha biyu sun isa aji ɗaya, a yi da Hausa, a maimaita atisayen aƙalla sau ɗaya a shekara, gwamma kafin rani lokacin da yasa ke yawa. Masu cewa rijiya kaza tana da aljanu, ba sai an yi musu da su ba. A zura na'ura a gabansu su ji kukanta, a hura iska minti 20, a sake zurawa su ga lambar ta koma 20.9.

Idan an fito da mutum, a kai shi fili, a kwantar da shi rigingine, a duba ƙirjinsa daƙiƙa goma. Ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, danna 30 hura 2, ba tsayawa har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Yana numfashi amma bai farka ba, a juya shi gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa manja ko madara. Gubar ta huhu ta shiga, abin da aka ɗura wa sumamme kuma huhun yake tafiya. Ko ya miƙe ya ce ya warke, asibiti za a kai shi, domin haidurojin salfaid da fosfin suna tara ruwa a huhu bayan awanni. A gaya wa likita ainihin inda ya shiga da ko an kunna inji, saboda ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna oksijin lafiya ga wanda kabon monoksaid ya cika wa jini, alhali oksijin tsantsa yake buƙata.

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta yi tanadi kan shiga wuraren da hayaƙi mai guba kan taru, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ba ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki hakki ta hannun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata. Kamfani da gidan mai ba su da uzurin tura lebura cikin tanki babu awo. Masu sana'ar hannu kuwa, na'ura da bulowa da winci sun fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba su fi ƙarfin ƙungiyar masu ginin rijiya ta ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoman fadama ba. A sayi saiti ɗaya, a damƙa wa mutum ɗaya amanarsa, mai aro ya biya ɗan kuɗin da za a tara don sayen kwalbar gas ɗin gwaji, wadda ita ma tana da ranar ƙarewa a jikinta. Darasin danna ƙirji ana iya neman Red Cross ta jiha ta koyar. Wanda kuma ya zo da tayin horo, a tambaye shi ko zai zo da na'ura da ƙarfe mai ƙafa uku da winci, da kuma awa nawa ɗalibai za su yi a bakin rami da hannunsu. Idan amsarsa majigi ne da takardar shaida, a nemi wani.